Daga Zariya zuwa Gazipur: Zaman Baƙunta a Ƙasar Bangaladesh

A farkon watan Fabrairun 2023 na baro Zariya da nufin zuwa Bangaladesh domin karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Gazipur, arewa da Daka, babban birnin ƙasar. Tafiyar ta zo daidai da tsananin ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haddasa, har kuɗin motar da zai kai ni Kaduna sai da ƙanina ya yi ta zarya wajen masu POS kafin ya haɗa shi. Mahaifiyata kuwa abin da ya dame ta shi ne jakata, wadda ta cika da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da kilishi. Na ce mata, “Hajiya, ƙasar Musulmi ce fa, kuma talakawa ne irinmu, ba Turai zan je ba.” Ta ci gaba da ɗaure ƙullin daddawarta, ta ce, “Salla ce ɗaya, ɗan nan, miya kowa da tasa.”

Daga Zariya zuwa Kaduna mun wuce shingayen jami'an tsaro da muka saba da su, sannan na hau jirgin ƙasa a Rigasa, wanda bai daɗe da dawowa aiki ba tun bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022. Sojoji da 'yan sanda sun yi yawa a cikinsa, fasinjoji kuma ba su cika hira ba har muka isa Abuja. Na kwana a gidan wani ɗan'uwa a Kubwa, washegari na tashi ta Doha, na sauka a filin jirgin sama na Shahjalal da ke Daka da hantsi.

Abin da ya fara buguna shi ne yawan mutane. Na karanta kafin in taso cewa mutum kusan miliyan 170 ne ke zaune a ƙasar da faɗinta kusan daidai yake da na jihohin Neja da Borno a haɗe, amma karatu daban, ganin ido daban. Daga filin jirgi zuwa makarantarmu bai kai kilomita 20 ba, sai dai mun shafe fiye da awa biyu a hanya, musamman a Tongi, inda ake aikin titi, ƙura ta turnuƙe, manyan bas-bas da duk jikinsu ya goge suna gogayya da juna, kowane direba hannunsa a kan oda. Suna tuƙi ta hannun hagu, saboda haka duk lokacin da muka sha kwana sai in ji gabana ya faɗi. A gefen titi dubban mata ne ke tafiya a ƙafa, ma'aikatan masana'antun ɗinkin tufafi da suka cika Gazipur, waɗanda kayan da suke ɗinkawa su ne mafi yawan abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Ɗan Kano yana iya tinƙaho da cunkoson Kantin Kwari ana gobe Salla, amma a nan kowace rana haka take, kuma kowane titi haka yake.

An ba ni ɗaki a gidan kwanan ɗalibai tare da wani ɗan ƙasar, mutumin yankin Barishal da ke kudu, wanda ya girme ni da kaɗan, nake kiransa Bhai kamar yadda ƙanne ke kiran yayyensu a can. Shi ya raka ni na yi rajistar layin waya da fasfona, shi ya canza mini dala zuwa taka, kuɗin ƙasar, a kan ɗari da 'yan kai, shi ne kuma ya fara lura cewa ba na iya karanta farashi. A ƙasar komai da rubutun Bengali ake yinsa, allunan shaguna da lambobin motoci da rasit, har alƙaluman lissafi nasu ne na kansu. Alamar da suke rubuta huɗu da ita kamar 8 take, ta bakwai kuma kamar 9, don haka mutum mai digiri sai ya tsaya gaban mai kayan miya yana zare ido. Ban yi sati uku da zuwa ba aka yi bikin 21 ga Fabrairu, ranar da suke tunawa da ɗaliban da 'yan sanda suka harbe a Daka a 1952 saboda sun nemi a amince da Bengali a matsayin harshen hukuma a Pakistan ta wancan lokaci. Na ga manya da yara suna tafiya ba takalmi zuwa hasumiyar Shahid Minar riƙe da furanni, kuma daga nan na daina jin haushin allunan, na koma jin wani abu mai kama da kishi.

Hawan keken riksha ya fi komai yi mini nauyi a makonnin farko. Keke ne mai ƙafa uku wanda mutum ke tuƙawa da ƙarfin ƙafarsa yana jan fasinja biyu a baya, kuma shi ne abin hawan gajeren zango, a lokacin taka 20 ko 30. Ranar da na fara hawa, matuƙin dattijo ne mai furfura a gemu, sa'an mahaifina, ɗaure da zane, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, ni kuma ina zaune a sama da jaka a cinya. A gidanmu ko buta dattijo ya ɗauka sai yaro ya tashi ya karɓa. Da muka zo wata 'yar gada ya sauka yana ja da hannu, sai na diro zan taya shi turawa, ya juyo yana yi mini faɗa da hannu cewa in koma in zauna, mutanen gefen titi kuma suka yi ta dariya. Bhai ya bayyana mini daga baya cewa tausayin da zan yi masa shi ne in hau, in biya, kada in yi ciniki mai tsanani, domin in na ƙi hawa to abincin gidansa na rage. Na karɓi bayanin, amma har na baro ƙasar ina zaɓen matasa in akwai su. Zanen nan da maza ke ɗaurawa, wanda suke kira lungi, da shi ake zuwa kasuwa da masallaci, kuma na yi ta mamakinsa har zafi ya zo ya sa na sayi nawa.

Sai kallo. Baƙar fata ba shi da wurin ɓuya a Gazipur. In na tsaya shan shayin taka 10 a rumfa, kafin in kai kofi baki mutum biyar sun kewaye ni, ba da mugunta ba, suna kallo kawai ba tare da sun kau da kai ba, sannan tambayoyi su biyo baya: wace ƙasa, Musulmi ne, kana da aure, 'ya'ya nawa, nawa ne albashin mahaifinka. Da sun ji Najeriya sai a koma ƙwallo, a ambaci Okocha da Kanu, duk da cewa wasan kurket ne abin da suka fi ƙwarewa a kai, kuma a lokacin tutocin Ajantina ba su gama sauka daga kan rufin gidaje ba tun bayan gasar cin kofin duniya ta 2022. Akwai kuma ɗaya fuskar. Yara kan bi ni suna kiran baƙi, wani lokaci a shingen 'yan sanda ni kaɗai za a sauke daga mota a duba fasfo da biza, kuma wani abokina da ya nemi hayar gida a cikin gari ya sha jin cewa an riga an bayar da zarar mai gidan ya ga fuskarsa, saboda labaran 'yan damfara daga Afirka da jaridu kan buga.

Abin da ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, duk da wannan kallo, ba wanda ya san ni. A Zariya daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi sai na tsaya sau da yawa, a tambayi kwanan Alhaji, a tambayi gajiya, a tambayi jikin wance, wani tsoho ya tuna mini ranar da na fasa masa tulu ina yaro. A can sallama ɗaya ce a wuce. Dubban idanu suna kaina amma babu mai cewa ɗan wane ne wannan. Na zaci kamanceceniyar ƙasashen biyu za ta rage mini kewa, sai na tarar ita ce ke ƙara ta: ga kiran salla, ga ɗauke wuta, ga 'yan talla, ga kwata a buɗe, komai yana nuna mini gida, amma da na matso sai in ga ba shi ba ne. Da a ce Turai na je, da tun farko ban sa rai ba.

Ko masallaci bai zama mafaka nan take ba. Su mabiya mazhabar Hanafiyya ne, ni kuma na tashi a gidan Malikiyya ina sakin hannu, don haka a sallar Juma'ata ta farko wani tsoho da ke gefena ya jira na sallame, ya kama hannayena biyu ya ɗora mini su ƙasan cibiya, yana murmushin wanda ya ceto ɗan'uwansa daga halaka. La'asar ɗinsu tana yin latti sosai a kan tamu, asham raka'a ashirin ce a ko'ina, kuma mata ba su cika zuwa masallaci ba, abin da ya sa na riƙa tuna iyayenmu mata da ke cika wuraren tafsiri da filin idi.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, kuma a tsakiyar Afrilu zafin Daka ya haura digiri 40, irin wanda suka ce rabonsu da shi tun shekarun 1960. Na san zafin bazara, amma namu busasshe ne, in ka shiga inuwa ka tsira. Nasu jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka fito kana gumi, fanka tana juya iska mai ɗumi kawai. Buɗe-bakinsu dabino ne da soyayyun abubuwa da gasasshiyar shinkafa mai ƙaras-ƙaras da suke cakuɗawa da wake, kuma a cikinsu na sami piyaju, wanda ake yi da niƙaƙƙen wake da albasa, ɗan'uwan ƙosai na jini. Ranar da na fara cinsa sai da na ajiye na fita waje, saboda harshena ya nemi kunun tsamiya bai samu ba. Sauran abincin shekara kuwa shinkafa ce dare da rana, da romon wake tsararo, da kifi mai ƙananan ƙayoyi da aka dafa da wani mai mai hawa kai. Naman sa ya kai taka 750 kilo ɗaya, bai zama abincin ɗalibi ba. Mukan haɗu da 'yan'uwa Hausawa daga Nijar da Kamaru a ƙarshen mako, wanda a can Juma'a da Asabar ne, mu tuƙa tuwon shinkafa mu kaɗa miyar kuka. Bhai ya taɓa roƙona da girman Allah in daina buɗe daddawa a ɗaki, shi da yake cin busasshen kifin shutki wanda warinsa ke kwana biyu a labule.

Ƙaramar Salla ce ta fi yi mini ciwo. A Najeriya an yi idi ranar Juma'a 21 ga Afrilu, a Bangaladesh kuma sai Asabar. Suna gaba da mu da awa biyar, don haka ina zaune da ƙishirwa ina jiran magariba aka kira ni ta bidiyo daga tsakar gidanmu, kowa cikin sabon ɗinki, ƙannena suna nuna mini tuwon Salla, ana jiyo kiɗan hawa daga nesa. Wannan tazarar awa biyar ta cinye mini barci tsawon zamana, domin Hajiya ba ta samun sukunin hira sai bayan isha'i, lokacin da ƙarfe ɗayan dare ta wuce a wurina. A irin wannan lokaci aka sanar da ni rasuwar kawuna. Babu jana'iza, babu zaman makoki, babu tabarma a ƙofar gida, kuma ƙarfe takwas na safe ina da lacca. Da yamma ɗaliban nan na Nijar da Kamaru da wasu 'yan Gambiya suka zo suka cika ɗakin, suka zauna a ƙasa, aka yi addu'a, kowa ya ce ya haƙuri. Bhai bai fahimci kalma ɗaya ba, amma ya fita ya sayo shayi ya raba wa kowa.

Da damina ta kankama a watan Yuni, ruwa ya riƙa sauka kwana da kwanaki, tituna suka zama rafi, shanya ba ta bushewa. Wata safiya na buɗe jakar Hajiya na tarar fumfuna ta rufe sauran kilishin da kukar da takalmina na fata gaba ɗaya. A watan ne kuma aka saki farashin naira a gida, kuɗin da ake turo mini ya fara zagwanyewa a hanya, har zuwa Fabrairun 2024 da dala ta haura naira 1,500.

Ganin halin da nake ciki ya sa Bhai ya ce Babbar Salla a ƙauyensu zan yi. Muka je tashar jiragen ruwa ta Sadarghat da ke bakin kogin Buriganga, wanda ruwansa baƙi ne mai wari saboda dattin birni, muka shiga wani jirgi mai hawa uku da ke tashi da dare ya isa Barishal da asuba. Tun da aka buɗe gadar Padma mai tsawon fiye da kilomita 6 a watan Yunin 2022 mutane da yawa sun koma bin mota, amma a lokacin Salla ko'ina cike yake. Ba mu kama ɗaki ba, muka shimfiɗa zane a dandamali tsakanin iyalai da buhuna da kaji. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Shika, na tsinci kaina tsakar dare a kan kogin Meghna, ba a hango gaɓa ta kowane ɓangare, ruwan sama yana dukan jirgin, ina ta karanta duk addu'ar da na haddace yayin da wata tsohuwa a gefena take minshari.

Ƙauyen kore ne shar, kowane gida da kududdufinsa na kifi da bishiyoyin kwakwa. Babu zaure, kai tsaye aka shigar da ni cikin gida, mahaifiyar Bhai, wadda ya ce in kira Khala, ta zaunar da ni ta tsaya a kaina da ludayi. A wurinmu ana kai wa baƙo abinci a ja masa ƙofa a ba shi wuri, ya ci daidai, ya rage kaɗan saboda kunya. A wurinsu barin baƙo shi kaɗai da abinci wulaƙanci ne, kuma ragowa alama ce ta cewa girkin bai yi ba. Duk lokacin da na ce na ƙoshi sai ta ƙara shinkafa, in na rufe faranti da hannu sai ta zuba a gefen hannun. Da ta ga ina fama da ƙayar kifin ilish, wanda suke ji da shi fiye da kowane kifi, sai ta jawo farantin ta cire ƙayoyin da yatsunta kamar yadda ake yi wa ɗan yaye. Layyarsu ta shanu ce, mutum bakwai su haɗa kuɗi kamar watanda, kuma da an yanka ake rabawa a dafa a ranar, ba a tsire rago a jera shi gaban wuta ya kwana ba. Na roƙi a ba ni tsoka, na yanka ta fale-fale, na barbaɗa ragowar yajin da ya tsira a kwalba, na gasa musu a kan gawayi. Mazan gidan suka cinye suna hawaye suna neman ƙari, Khala kuwa ta ɗanɗana ta ce naman bai dahu ba. Kafin mu tafi duk ƙauyen sun san ni da baƙon gidan wane, kuma a hanyar masallaci ana tsayar da ni a tambaye ni ko na ci abinci.

A watan Satumba zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, a shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 1,700 a ƙasar, adadin da ba su taɓa gani ba. Sauron da ke kawo ta da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai ba ya isa, kuma ba ta da magani irin na zazzaɓin da muka sani, sai farasitamol da ruwa da auna jini kullum. Ciwon gaɓoɓin ya wuce misali. Bhai ya kwana a kan benci a asibiti yana ɗura mini ruwan ɗanyar kwakwa, Khala tana bugo waya tana yi masa faɗa kamar shi ya cije ni. Ban gaya wa Hajiya ba sai da na warke.

Shekara ta biyu ta zo da sauƙi. Na iya ciniki da yarensu, na hau jirgin ƙasan sama na Daka da aka buɗe a Disambar 2022, na halarci taron Ijtima na 'yan Tabligi a bakin kogin Turag da ke Tongi, inda jama'a ke cika tituna har kan rufin jiragen ƙasa. Sai ga Yulin 2024. Ɗalibai suka fito zanga-zangar adawa da tsarin da ya ware kashi 30 cikin ɗari na ayyukan gwamnati ga zuriyar waɗanda suka yi yaƙin 'yanci na 1971, aka fara harbi, ranar 18 ga wata aka katse intanet a duk ƙasar, sannan aka sa dokar hana fita, sojoji suka hau tituna. Muna kulle a makaranta muna jin ƙarar harbi daga babban titi, ba WhatsApp, ba hanyar karɓar kuɗi, kuma na san a gida suna jin labarin a rediyo ba su da hanyar jin muryata. Da ƙyar wani kira na minti ɗaya ya shiga ta layin waya, na ce, “Hajiya, lafiyata ƙalau,” ta ce, “Alhamdu lillahi,” layin ya yanke. Ranar 5 ga Agusta Firaminista Sheikh Hasina ta tsere zuwa Indiya bayan shekara 15 a jere tana mulki, kuma a ranar ce aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. A daren ni ne nake tambayarta ko akwai abinci a gida, ko yara duk sun shigo.

Na kammala a ƙarshen shekarar, bayan Muhammad Yunus ya karɓi riƙon ƙwarya. Bhai ya raka ni filin jirgi da ƙullin alewar dabino da Khala ta aiko a kai wa Hajiya. A Abuja na tarar litar fetur da na bari ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 1,000, kuɗin mota zuwa Zariya ya ninka, kuma a makon farko sai da ƙanina ya riƙa riƙe mini hannu wajen tsallaka titi saboda ina duba ɓangaren da ba shi ba. Cikin masu zuwa sannu da zuwa akwai wani yaron unguwarmu da ya sami gurbin karatu a can, mahaifinsa ya kawo shi in ba shi shawara. Na ce ya zuba kuka da daddawarsa a kwalabe masu murfin gaske, ya haddace alƙalumansu goma kafin ya hau jirgi, ya tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran gida don kada ya rasa barci, kuma duk wanda ya gayyace shi ƙauye ya je, amma ya tafi da yunwa.